Ƙarangiyar Umma a Saman Bene

Ranar Lahadin da ta biyo bayan Ƙaramar Sallah ne, shekarar da na cika tara. Ina zaune a bakin matakala ina fama da rubutun Sinanci da aka ba mu a makaranta, sai na ji Umma ta ƙwala mini kira daga can ƙarshen rufin bene. "Jidda! Ke Jidda, zo ki ga baƙuwa!" Na tashi da gudu, a zatona ɓera ne ya sake faɗawa tankin ruwa. Na same ta tsugune gaban akwatin lalonta, ta kamo gefen zaninta da yatsu biyu tana nuna mini wata 'yar ƙwallo mai ƙayoyi, ba ta kai ƙwayar wake ba, ta maƙale a jikin atamfar. Dariya take yi, ga kuma hawaye na zuba. Na kai hannu zan cire, abin ya soke ni, na yi ƙara na cusa yatsa a baki. Umma ta ce, "Yauwa, ta gaishe ki. Wannan ita ce ƙarangiya. Tun daga gidanmu ta biyo ni." Ni dai a ranar ban ga abin dariya ba, balle na kuka. Wata siririyar ciyawa ce mara fasali ta fito a gefen akwatin, ba wanda ya shuka ta.

A Guangzhou na yi wayo. Ina 'yar shekara biyar Abba ya kwaso mu daga Kano, shi kuma sana'arsa ita ce sayo wa 'yan kasuwarmu kaya a manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan, ya haɗa, ya bi su har a loda a kwantena. Gidan da muka kama haya tsohon bene ne a wani lungu mai cunkoso, gidajen sun matsu da juna har in ka buɗe tagarmu bangon maƙwabta za ka taɓa. Mu ne a hawa na ƙarshe, ba na'urar hawa, sai ƙafa. Umma ke tuƙa tuwo da rana, Hausawan da suka zo sayayya su hauro mana suna haki suna tsine wa matakala, su ci su sha, su sauka suna sa mata albarka. Aikina kuwa shi ne wanke kwanuka, da tsince shinkafa, da abin da ya fi kowanne nauyi, wato tafinta. Ni kaɗai ce a gidan nake jin Sinanci sosai, tunda ni ke ɗaura jan ƙyalle a wuya kullum safe in tafi makaranta, in yi layi da 'ya'yan mutanen garin a yi motsa jiki, su yi ta shafa kitsona suna tambaya ko yana ciwo. Abba yana jin na ciniki. Umma kalmomi uku ta riƙe: gaisuwa, godiya, da "meyo", wato babu.

Rufin benen nan shi ne tsakar gidanmu, shi ne kuma gonarmu. Akwai tankunan ruwa, akwai sandunan gora da kowa ke shanya a kai, sauran filin kuma shuka ce a cikin fararen akwatunan nan marasa nauyi da masu kifi ke yarwa a kasuwa. Rabin wajen na Popo ne, wata tsohuwa da ke hawa na ƙasa da mu. Ban taɓa sanin sunanta na gaskiya ba, kowa Popo yake ce mata, wato kaka. Tana da ganyayyaki irin nasu, da albasa mai lawashi, da wani garahuni ƙato mai ƙuraje da ya haye gora ya yi rumfa. Ɗaya rabin Umma ta samu da lallami: yakuwa, kuɓewa, sai lalo. Su biyun ba mai jin bakin wata, amma sai su yi rabin yini tare. Popo ta koya wa Umma zuba ruwan wankin shinkafa a gindin shuka, Umma ta koya mata barbaɗa toka saboda tsutsa. In hira ta yi zurfi har hannu ya kasa, sai a ƙwala mini kira. Ni kuma ina gefe da jikan Popo, wani ɗan duma-duma da muke kira Didi, yana koya mini buga wani abin wasa mai gashin kaza da ƙafa, ni ina koya masa 'yar carafke da duwatsun da muka tsinto a gindin tanki. Kullum sai ya yi maguɗi, kullum sai mun ɓata, kafin la'asar mun shirya.

Lalon nan ba irin na kasuwa ba ne. Na Iya ne, mahaifiyar Umma, wadda ke wani ƙauye a ƙasar Ɓaɓura. Ƙananan ganye gare shi, ga yauƙi ga ƙamshi, kuma Umma ta ce tun tana yarinya a bayan ɗakin Iya yake fitowa, Iya ma a wajen tata uwar ta gada. Ranar da za mu taso, Iya ta ƙulla mata irin a ƙyalle, ta kuma damƙo ƙasar bayan ɗakin ta yi ƙulli na biyu. A ganin Iya, iri ba ya sakin jiki a baƙon wuri sai an haɗa masa da 'yar ƙasar gida. Umma ta shuka irin ya fito lafiya lau ba tare da ƙasar ba, sai ta bar ƙullin a ƙasan akwatin kayanta, takan ɗauko ta sunsuna ta mayar. Ina shekara takwas aka bugo waya da hantsi aka ce Iya ta rasu, har an kai ta. Fasfon Umma yana wajen sabunta biza a lokacin, ko zaman makoki ba ta samu ba. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta ɗan samu kanta, sai ta hau sama da ƙullin nan ta kwance, ta bi akwatunanta ɗaya bayan ɗaya tana barbaɗawa. Ashe cikin ƙasar nan akwai 'ya'yan ƙarangiya suna kwance suna jiran ruwa.

To, wanda duk ya tashi a karkara ya san abin da ake yi wa ƙarangiya. Umma ta fi kowa sani. Ita ce ke ba ni labarin yadda suke komawa gida daga gona ƙafafu duk jini, a zauna a yi ta cira da tsinke, da yadda take cusa kai cikin gashin tumaki da gezar tabarma. Da a Ɓaɓura ta gan ta, wallahi ko kallo na biyu ba za ta yi mata ba, fartanya kawai. Amma a nan, a saman bene a ƙasar Sin, abu ne da ya fito daga bayan ɗakin Iya da ƙafarsa, bayan Iya ta tafi. Washegari Popo ta hango ciyawar ta kai hannu za ta tuge, Umma ta yi caraf ta riƙe mata wuyan hannu. Aka kira ni. Na ce wa Popo daga gidan mahaifiyar Umma ta zo. Popo ta ce in tambaya ko ana ci. Umma ta ce kakanninsu sun ci ƙwayarta a shekarun yunwa. Popo ta ce yanzu fa? Tsohuwar ta taɓa ƙayar da farce, ta girgiza kai, ta ce, "Gaya wa mamarki wannan ba ta zama a inda aka ajiye ta." Na faɗa wa Umma, ta ce in ce mata kar ta damu, za ta yanke kawunan kafin su bushe.

Ina! Kullum sai ta hau da almakashi, kullum sai ta sauko ba ta yanka ba. "Bari dai gobe, Jidda, ba su nuna ba tukuna." Har ruwa na kama ta tana zuba mata a ɓoye, na ce, "Umma, ciyawa kike ba ruwa?" Ta ce in rufe mata baki in je in ɗauraye tukunya. Ana cikin gobe-goben nan aka yi irin guguwar da ke tasowa daga teku a ƙarshen damina, wadda ake rufe makarantu saboda ita. Da gari ya lafa muka hau, sandunan shanya duk sun zube, ƙarangiyar kuwa ta yi fayau, ko ƙwallo ɗaya babu a jikinta. Umma ta tsaya tana kallon rufin gaba ɗaya, ta ce, "Innalillahi." Daga nan ta tuge ta da kanta, amma aikin ya riga ya wuce hannunta.

Da zafi ya dawo aka fara ruwa, sai ga ta ko'ina. Cikin akwatunan Umma, cikin na Popo, cikin tsagar siminti, gindin tanki, bakin magudanar ruwa. Rufin yana ɗaukar rana kamar kasko, ita kuma abin da take so ke nan. Mage ta kwasa a gashinta ta kai hawa na ƙasa. Mai shanya ya ɗauke tawul ya goge fuska ya ji tsit. Wani maƙwabcinmu mai tuƙa tasi ya hauro yana ɗaga gajeren wandonsa sama yana zazzaga masifa, ni ko na rasa yadda zan fassara wa Umma ba tare da na fashe da dariya ba. Dariyar ta ƙare ranar da Didi ya biyo abin wasanmu da gudu ba takalmi, ya taka wani cunkus a bayan tanki. Ihun da yaron nan ya yi har yau yana kunnena. Umma ce ta fara isa, ta ɗora ƙafarsa a cinya za ta cire masa yadda ta iya tun ƙuruciya, uwarsa ta zo ta fizge shi. Mutanen gidansu suka cira da gaggawa, kan ƙayoyin suka karye a ciki, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, sai da aka kai shi asibiti.

Zancen ya zama abin muhawara a kan tabarmar cin tuwonmu, Umma tana jin komai daga bayan labule. Alhaji Sani, wani Bakano mai sayen yadi wanda ba a raba shi da raha, ya ce shi bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba. "Wace shuka ce ba baƙuwa ba? Darbejiyar da ta cika Kano daga wata ƙasa aka kawo ta, yau a inuwarta muke sallah. Mangwaro fa? Su mutanen ƙasar nan, nasu kayan da suka mamaye mana kasuwa, wa ya tuge?" Aka yi dariya, ban da Malam Buhari, mutumin wajen Haɗeja mai sayen injinan ban ruwa. Ya ajiye lomarsa ya ce Alhaji ya daina wasa da abin da bai sani ba. Ya ce fadamar mahaifinsa shinkafa take bayarwa da kifi, sai kacala ta shigo, 'yar kaɗan a bakin ruwa, kowa na cewa ai ciyawa ce. Yau ko kwalekwale ba ya ratsawa, tsuntsaye sun samu maɓoya suna cinye ɗan abin da ya rage, shi ya sa ma yake nan yana yawon ƙasashe da furfurarsa. "Baƙon da ya zo ya zauna inda aka ba shi daban, wanda ya zo ya kori masu gida daban. Da ni ne su, ƙonawa zan yi." Sai Isufu, wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatun noma a jami'a, ya ce duka biyun suna da gaskiya, amma matsalar yanzu ba ta ciyawar da ake gani ba ce. 'Ya'yan sun shiga ƙasar akwatunan, ba kuma wanda zai iya tsince su. Abba kuwa, na san abin da ke ransa: samun mai gidan da zai ba baƙar fata haya a garin nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Mun yi iya yinmu, Allah ya sani. Kullum na dawo makaranta sai in tuɓe jan ƙyallen in bi Umma sama, mu yi ta tuga har yatsunmu su yi tsami. Mu share, mu ƙone a tsohon gwangwani. A yi ruwa kwana biyu, sai ga sababbi sun leƙo, kore shar, kamar ba mu taɓa yin komai ba. Ga wani tashin hankalin: a Guangzhou iri ba ya ajiyuwa. Akwai lokacin da bango kansa ke gumi saboda laima, duk abin da ke cikin ƙyalle sai ya yi funfuna. Ragowar irin lalon da Umma ta adana ya ruɓe a wannan shekarar, abin da ke tsaye a akwatunan nan shi ke nan lalon Iya da ya rage mata. A gida ma babu, don bayan rasuwar an raba gado, an yi gini a bayan ɗakin. Lalon ya fara fure, 'yan ƙanana rawaya. Makonni kaɗan yake nema ya yi kwanso ya bushe.

Ranar wata Asabar da hantsi lawban, wato mai gidan, ya hauro da maƙwabta a bayansa da wasu ma'aikata biyu riƙe da buhuna. Ba mugun mutum ba ne, yakan ba ni alewa in ya zo karɓar haya. Ya ce in gaya wa mamata duk ƙasar da ke rufin nan za a kwashe a zubar, a wanke wajen, kuma daga yau an hana shuka. Na juya na faɗa wa Umma da Hausa, ina jin kamar ni ce na yanke hukuncin. Ta ce in ce masa ta yarda laifinta ne, a kwashe yakuwar, a kwashe kuɓewar, a bar mata akwati ɗaya tak har lalon ya yi iri. Na faɗa. Ya ce kafin nata ya yi iri, ciyawar ma ta yi. Ta ce in ce masa za ta kwana a wajen tana gadi. Na faɗa. Ta ce, "Gaya masa na uwata ne, Jidda. Gaya masa ta rasu ban gan ta ba. Ki faɗa da kyau yadda zai ji." Na tattaro duk Sinancin da na koya, wanda nake cin jarrabawa da shi, na faɗa da kyau iyakar iyawata. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya share gumi, ya dubi uwar Didi, ya dubi sauran. Sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Meyo banfa." Babu yadda za a yi. Umma ba ta jira fassarata ba, ta ji kalmarta a ciki.

Sai da suka fara aiki na gane cewa duk ƙasar da aka ce, har da ta Popo. Suka datse garahunin nan daga gindi, rumfar ta zube, suka bi akwatunanta suna juyewa a buhu. Tsohuwar tana tsaye ta harɗe hannu a baya, ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba. Da za ta sauka ta tsaya kusa da ni, ba ta dubi Umma ba, ta ce, "Gaya wa mamarki, nawa ma daga garinmu na zo da shi." Umma ta tambaye ni me ta ce. Na so in ce ban ji ba, amma idonta na kaina, na faɗa mata. Ta dafa tanki ta zauna a ƙasa. Ni kuma ina tsaye tsakaninsu da harsuna biyu a bakina, ba wanda ya yi wa kowa amfani.

Umma ta samu ta fizgo 'yan tushen lalo kafin a juye akwatin, ta wanke saiwar tas ta sa a bokiti a bakin taga. Amma na ce muku tagarmu bango take kallo. Furen ya kakkaɓe, ganyen ya yi rawaya, cikin mako guda suka langaɓe. Ta tsinke ɗan abin da ya rage ta kaɗa 'yar miya a ƙaramar tukunya, ba ta sa wa baƙi ba, mu uku muka ci. Daga ranar ba ta ƙara hawa rufin ba, ni ke kai shanya in kwaso. In sun haɗu da Popo a matakala sai kowacce ta raɓe jikin bango ta ba 'yar uwarta hanya. Didi ya warke, amma an hana shi wasa da ni.

Yanzu Umma da Abba sun koma Kano, ni na zauna, ina aiki a wani ofishin kago, wato na aika kaya zuwa ƙasashe. Sau da yawa nakan ce wa mutanenmu kar su kuskura su sako iri ko ƙasa a cikin kaya, in yi musu bayani tiryan-tiryan kamar Malam Buhari, kuma na san gaskiya nake faɗa. A hankalce ina tare da shi, ina tare da lawban da uwar Didi. Amma duk sanda na tuna Umma tsugune tana dariya da hawaye, sai in rasa bakin cewa ta yi wauta. Tana da fili yanzu a tsakar gidanta, rana har ta yi yawa, ta shuka lalon kasuwa ta ce ganye ne kawai.

Bara wani aiki ya kai ni tsohuwar unguwarmu, na ce bari in leƙa. Popo ta daɗe da rasuwa, masu gidan ma sun canja. Na roƙi mai gadi na hau. Rufin fayau, sai tankuna da igiyoyin shanya, ko ganye ɗaya ban lura da shi ba. Ina zaune a jirgin ƙarƙashin ƙasa a hanyar komawa na ji wani abu ya soke ni a idon sawu. Na duba, ga ta nan maƙale a gefen abayata, 'yar ƙwallo mai ƙayoyi. Da na fito na kira Umma na faɗa mata. Ta ce, "Tana nan?" Na ce, "Tana nan, Umma." Na ji numfashinta a wayar, sannan ta tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsar, "Lalon fa?"

Na ce, "Babu, Umma."

Ƙarangiyar tana cikin jakata har yau, na ƙulle ta a ƙyalle. Na kasa shukawa, na kasa yarwa.